Rage Ƙara a Ɗakin Mai Jego: Kayan da Suka Dace da Waɗanda Ba Su Dace Ba

Darasinmu na wannan fitowa ya samo asali ne daga wata tambaya da aka yi mini ranar awo. Wata baiwar Allah mai cikin wata bakwai ta zo tana kukan ciwon kai da tari da ba ya barinta barci. Da na bi diddigi, sai ta ce maigidanta ne ya tausaya mata saboda janaretan maƙwabta, ya sayo tsofaffin katifu ya yayyanka sosonsu, ya manne su a bango da gam, ya kuma toshe tagar ɗakin. Niyyarsa kyakkyawa ce, amma ƙarar ba ta ragu ba, ga ɗaki ya cika da warin gam.

Neman ɗaki mai shiru ba son jiki ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 1999, ta ce ƙarar cikin ɗakin kwana da dare kada ta wuce desibel 30, wato kamar raɗa. Mai ciki tana bukatar barci, mai jego ma haka, kuma ɗan da ke ciki yakan fara jin sauti tun wajen wata na shida. To amma akwai abin da ya fi shirun muhimmanci, shi ne iskar ɗakin. Babban mutum yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya, jariri sabon haihuwa kuwa sau 30 zuwa 60, kuma kusan duk yininsa a ɗakin nan yake. Duk abin da aka manna a bango, shi ne zai fi kowa shaƙarsa.

Sai mun bambance abu biyu. Akwai ƙarar da ke shigowa daga waje, kamar ta janareta, injin markaɗe, babura da lasifika. Akwai kuma amsa-kuwwa, wadda ake ji a ɗakin da ba kaya, mai siminti ko tayil a ƙasa. Abu mai laushi yana shanye amsa-kuwwa ne kawai. Ƙarar waje kuwa abu mai nauyi ne ke tare ta, da kuma toshe kafofin da take bi. Shi ya sa ɗakunan kakanninmu na ginin ƙasa da rufin azara suka fi na bulo da kwano shiru, suka kuma fi sanyi. Saboda haka soso ba ya hana ƙarar janareta shiga, haka ma kwalin ƙwai da wasu ke jerawa a bango. Kwalin ƙwai ma dai matattarar kyankyaso ne, ga ƙura, ga saurin kama wuta.

A kan soso zan ɗan tsaya, domin shi ne aka fi amfani da shi. Soso irin na katifa da kujera yana ci da wuta nan take, kuma hayaƙinsa yana ɗauke da guba iri biyu, kabon monoksaid da sayanaid, waɗanda ke sumar da mutum kafin wutar ta kai gare shi. A watan Fabrairu na 2003 gobara ta tashi a wani gidan rawa a Amurka inda aka lulluɓe bango da irin wannan soso don rage ƙara, mutum 100 suka rasu. Yanzu ku dubi ɗakin mai jego a garuruwanmu. Akwai kaskon gawayi, akwai turaren wuta, akwai kyandir ko fitila idan an ɗauke wuta, akwai maganin sauro na kunnawa. A wasu gidajen har yanzu ana hura wuta a ƙarƙashin gado. Tartsatsi ɗaya ya isa. Tsohon soso kuma yana marmashewa, yana riƙe ƙura da fumfuna, masu tayar da asma da mura.

Gam da fenti da tina su ne abu na gaba. Warin nan da ke hawa kai ba wari ne kawai ba, sinadari ne ke tashi. Haka nan katakon da ake yi da garin katako a matse da gam, wanda ake sabbin kabad da gadaje da shi, yakan fitar da sinadarin fomaldehaid, wanda ke cikin ruwan fomalin da muke adana naman gwaji a asibiti. Yana sa idanu yaji da ƙaiƙayin maƙogwaro, kuma a 2004 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa shi cikin abubuwan da ke jawo wa ɗan Adam sankara. Zafi yana ƙara fitarsa, mu kuwa ba mu rasa zafi ba. Idan za a yi fenti, a nemi na ruwa, a bar na mai. Kada a kankare tsohon fenti mai ciki tana gida, domin yana iya ƙunsar dalma, ita kuwa tana ratsa mabiyiya ta kai ga ƙwaƙwalwar ɗa. Ni shawarar da nake bayarwa ita ce a gama duk aikin kafinta da na fenti kafin ciki ya shiga wata na takwas, a bar tagogi a buɗe har warin ya ɓace ƙaƙaf, kuma mai cikin ta koma wani ɗaki a lokacin.

Silin yana taimakawa ƙwarai wajen rage rugugin ruwan sama a kan kwano. Sai dai gidaje da yawa da aka gina shekarun baya silin asbestos ne a kansu. Idan lafiyarsa lau, ba tsagewa, a ƙyale shi. Haɗarin yana zuwa ne idan an fasa shi, an huda, ko an yanka da zarto, domin zarensa da ido ba ya gani yana maƙalewa a huhu, kuma cutar ba ta bayyana sai bayan shekara 20, 30 ko fiye. Jaririn yau a lokacin yana tsakiyar ƙuruciyarsa. Wanda zai yi sabon silin ya zaɓi POP ko katako na gaske. Akwai kuma wata auduga ta gilashi, rawaya, da ake cirowa daga tsofaffin firji da kayan gini ana sayarwa a kasuwa. Tana sa ƙaiƙayin fata da tari. Idan za a sa ta, sai dai a saman silin, a rufe ta ruf, kada ta leƙo cikin ɗaki.

To me ya dace? Galibinsu muna da su a gida. Labule mai kauri na auduga, ninki biyu, wanda ya sauka har ƙasa. Tabarmar kaba ko darduma da za a iya ɗauka a kakkaɓe a shanya a rana. Kafet ɗin da ake mannewa daga bango zuwa bango ba na son sa a ɗakin jariri, domin fitsari da tumbuɗi da ƙurar hunturu duk a cikinsa suke zama. Kabad ɗin kaya, idan an jingina shi cike da tufafi a bangon da ƙarar ke fitowa, ya fi soso aiki nesa ba kusa ba. Magini ya cike tsagar bango da siminti, kafinta ya gyara ƙofar da ba ta rufuwa daidai, a naɗe tsohon zane a sa a ƙasan ƙofa. Idan da hali, ƙofar katako mai nauyi ta fi ta kwano. Sannan a matsar da gado daga bangon da ke kallon titi.

Amma fa kada a toshe taga da kafar iska da sunan neman shiru. A bar taga ɗaya a buɗe ta ɓangaren da ba janareta, da ragarta ta sauro. Janareta na gida a ajiye shi a fili, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga, ba a zaure ko baranda ba. Hayaƙinsa da na gawayi suna da gubar da ba ta da wari ba ta da launi. Idan mutanen ɗaki suka tashi da ciwon kai, jiri ko amai a lokaci guda, ko jariri ya yi laushi ya ƙi kama nono, a fita waje nan take a taho asibiti.

Wasu iyaye kan cusa wa jariri auduga a kunne, ko su kewaye kansa da matashin kai da bargo don kada ƙara ta tashe shi. Don Allah a daina. Jariri a kwantar da shi rigingine a kan shimfiɗa mai ƙarfi, ba matashi, ba tarin tsumma kusa da fuskarsa, a cikin gidan sauro. Motsin gida na yau da kullum, kamar hira da daka da kukan yara, ba ya cutar da shi, ya saba jin irinsa tun yana ciki. Wanda kuma ba ya firgita ko kaɗan idan ƙofa ta bugu da ƙarfi, a faɗa mana ranar rigakafi domin a duba jinsa.