Sifikar Da Ta Samu Rauni: A Saya Ko A Bari?

Tambaya: Ni malamin makaranta ne a Dakusa. Ina son ƙananan sifiku guda biyu, irin waɗanda ake ɗorawa a kan kanta, don sauraron karatun Alƙur'ani da labarai da waƙoƙin gargajiya a ɗakina. Na shiga Kasuwar Dole a Damagaram, na ga iri biyu. Na farko sababbi ne fil a kwali, masu fitilu, an rubuta musu wat 3000. Na biyu tsofaffi ne 'yan Turai, masu nauyi, wat 60 kawai aka rubuta. Sai dai guda a cikinsu gefen bakinta ya zagwanye, tsakiyarta kuma ta lotsa. Mai kayan ya ce zai rage mini kusan rabin kuɗi. Da batir da sola nake aiki. Waɗanne zan ɗauka?

Amsa: Kada ka ba da ko dala sai ka yi wa tsofaffin nan gwaji huɗu da zan bayyana maka. In sun ci, su ne abin saye, ko da gefen guda ya zagwanye. Raunin da ido ke gani a jikin sifika galibi mai sauƙin magani ne. Wanda ke cinye kuɗi yana can ciki a ɓoye, sai yatsa da kunne da mita ke tono shi.

Abin da ke cikin akwatin

Tun 1925, da Chester Rice da Edward Kellogg na kamfanin General Electric a Amurka suka fito da irin sifikar da muke amfani da ita yau, asalin aikinta bai sauya ba. Akwai maganaɗisu a baya, akwai koyil na siririyar waya da ke shawagi a cikin ƙunƙuntar rata, akwai kuma faifan takarda ko na roba da ke manne da koyil ɗin. Wuta ta shiga koyil, ya motsa gaba da baya, faifan ya tura iska, kunne ya ji sauti. Tazarar da ke tsakanin koyil da ƙarfen da ya kewaye shi ba ta kai rabin milimita ba. Lafiyar sifika duka a wannan 'yar ratar take.

Irin sifikar da kake nema baki biyu gare ta. Babban, wato wufa, shi ke fitar da kaurin sauti da mafi yawan muryar mutum. Ƙaramin, tuwita, shi ke ɗauke da siririn sauti. A tsakaninsu akwai ɗan allo a cikin akwatin da ke raba musu aiki. Zoben soso ko na roba da ke gefen wufa, wanda ka ga ya zagwanye, aikinsa riƙe faifan a tsakiya da hana iska zurarewa.

Lambobin da ke ruɗa mai saye

Wat 3000 ɗin nan da ke jikin kwali, in ka duba da kyau za ka ga haruffan PMPO kusa da shi. Wannan awo ba shi da wata ƙa'ida da aka yarda da ita, kowane kamfani abin da ya ga dama yake rubutawa. Juya na'urar ka karanta wutar da take sha. Abin da ke shan wat 40 ba zai yi ta fitar da wat 3000 ba. Lambar da ake dogara da ita ita ce mai haruffan RMS, kuma wat 60 na tsofaffin nan ya fi ƙarfin abin da ɗakinka ke buƙata.

Wat ɗin da aka rubuta a bayan sifika ba ya nuna ƙararta, yana nuna iyakar abin da za ta jure ne. Lambar da ta shafe ka, kai mai batir, ita ce ta desibel, wato ƙarar da sifika ke bayarwa da wat ɗaya a nisan mita ɗaya. Ƙananan sifiku yawanci suna tsakanin 84 da 90. Kowane bambancin desibel 3 yana nufin ninkin wuta: mai 84 tana buƙatar wat 40 kafin ta kai ƙarar da mai 90 za ta bayar da wat 10. Wannan bambanci a jikin batirinka za ka gan shi da dare.

Sai lambar om, galibi 4, 6 ko 8. Ƙaramin amfilifaya (na'urar da ke tura wa sifika sauti) da ke aiki kai tsaye da batir mai bolt 12, in ba shi da abin ɗaga wuta a ciki, ba ya wuce wat 18 ko kusa da haka a kan om 4, a kan om 8 kuma kusan rabin haka yake bayarwa. Duba bayan amfilifayanka, kada ka ɗora masa sifikar da om ɗinta ya gaza abin da aka rubuta masa, don zai yi zafi.

Yadda ake kwatanta biyu da kunne

Tafi da abin sauraronka a waya ko a memori, abin da kunnenka ya saba da shi. Fara da muryar mutum: karatun Shehi Husari ko muryar mai karanta labarai a Muryar Sahel. Sifika ta gari tana bambanta maka sin da shin da sad ba tare da ka matso ba, kuma muryar ba ta fitowa kamar ta mai mura. Daga nan saka kalangun Mamman Shata. Kowane bugu ya kamata ya fito ya yanke, ka ji hawa da saukarsa. In bugun ya haɗe ya zama gurnani ɗaya, akwatin ne ke ruri, ba kiɗan kake ji ba. Sannan kuntigin Ɗanmaraya Jos ko goge, don jin siririn sauti. Amma ka sani tsofaffin waƙoƙin da aka kwafo daga kaset, irin na Ma'azu Ɗan Alalo, da yawansu sun rasa siririn sautinsu a hanyar kwafi. Ka haɗa da wani sabon ɗauka mai tsabta, in ba haka ba matacciyar tuwita za ta wuce ba ka lura ba.

Abu ɗaya kada ka yarda da shi: a kunna maka guda da ƙarfi, ɗayar a hankali. Kunnen ɗan Adam yakan ɗauki wadda ta fi ƙara a matsayin wadda ta fi daɗi. Daidaita ƙararsu da hannunka, ka saurara a matsakaicin ƙarar da za ka yi amfani da ita a gida. Je da sassafe kafin kasuwa ta cika, ko ka roƙi a shiga da kai cikin shago.

Gwaji huɗu ga mai rauni

Na farko, yatsu. Cire ragar gaba, ka baza yatsu uku ko huɗu kewaye da 'yar hular tsakiya, ka danna faifan a hankali, daidai wa daida. Lafiyayye yana shiga ya dawo shiru. In ka ji ƙarar gogayya kamar yashi a ciki, koyil na taɓa ƙarfe. A nan sai ka yi hattara: wadda sosonta ya zagwanye takan karkace, ta yi gogayya ko da koyil ɗinta lafiya lau ne. Tallafe faifan ya koma tsakiya ka sake dannawa. In gogayyar ta ɓace, laifin soso ne. In tana nan ta kowane gefe, koyil ya ƙone ko ya kumbura.

Na biyu, batirin tocila mai bolt 1.5. Taɓa wayoyi biyu daga batirin zuwa maƙalan da ke bayan akwatin, kan batir a ja, gindinsa a baƙi. Za ka ji ɗan ƙas, faifan ya zabura. Sifikun biyu su motsa ta fuska ɗaya. Wadda ba ta motsa ba, waya ta tsinke a wani wuri. Taɓawa ɗaya ta isa, kuma kada ka haɗa batir kai tsaye da tuwita.

Na uku, mitar auna om. Kowane mai gyaran rediyo yana da ita. Sifika mai om 8 takan nuna tsakanin 5 da 7, mai om 4 kuma wajen 3 zuwa 3.5. Abin lura shi ne biyun su nuna kusan lamba ɗaya. In guda ta nuna 6, ɗayar 3, ko dai koyil ya fara ƙonewa, ko an taɓa sauya wa guda baki.

Na huɗu, tuwita. Mita ba ta ganinta daga bayan akwati, sai kunne. Kunna waƙa a hankali, ka naɗe takarda ta zama bututu, ka kara bakinsa a tuwita, ɗaya bakin a kunnenka. Yi wa biyun. In guda shiru take, ko ta fi 'yar uwarta dushewa, ka san inda ciwon yake. Kada ka bari mai kaya ya ƙure ƙara a kan wadda gefenta ya zagwanye don ya nuna maka tana aiki. Mintoci kaɗan sun isa su lalata koyil ɗin da ke lafiya.

Kafin ka tashi, ƙwanƙwasa akwatin, ka juya gindinsa. Yawancinsu da matsattsen garin katako aka yi su. In ruwa ya taɓa shi yana kumbura, ya riƙa marmashewa a hannu. Shinshina ramin iskar akwatin kuma: ƙaurin ƙonewa ba ya ɓoyuwa.

Abin da ke gyaruwa, da abin gudu

Hular tsakiya da ta lotsa, a mafi yawan wufa, ƙura kawai take tarewa. Ana iya jawo ta da ɗan salatif a hankali, ko a bar ta haka. Zoben soso kuwa dama ba ya daɗewa. Bayan shekara 10 zuwa 20 yakan ruɓe ko a Turai, balle a zafin Afrilu da Mayu na Damagaram da ke haura digiri 40. Ana sauya shi, sifika ta dawo daidai. Ƙaramar yagewa a faifan takarda ana like ta ta baya da siririyar takarda da gam mai laushi. Maƙalin waya da ya karye, ko kafasitar allon ciki da ta tsufa, aikin dalma ne na ɗan lokaci.

Sharaɗi biyu ne a kan sauya soso. Na ɗaya, a sami zobe daidai girman bakin, wanda galibi santimita 13 ne ko 16 da rabi. Tambayi masu gyara a Damagaram, ko wanda ke zuwa Kasuwar Sabon Gari ta Kano, ka tabbatar akwai shi kafin ka biya kuɗin sifikar. Kada a yanko maka robar tayar babur, kada a sa sufa gulu: na farko ya yi nauyi da tauri, na biyu yana bushewa ya tsage. Sharaɗi na biyu, a sauya wa sifikun biyu tare, ko da na ɗayar yana kama da lafiyayye, don shekarunsu ɗaya. Sifiku biyu kamar shanun huɗa suke: in guda ya fi ɗan uwansa ƙarfi, kunya ba ta miƙewa. Murya za ta karkata gefe ɗaya, kuma kullum sai kunnenka ya ji.

Abubuwan gudu su ne ƙonannen koyil, maganaɗisun da ya tsage ko ya goce, matacciyar tuwita da ba a samun irinta, da akwatin da ruwa ko gara ta ci. Masu gyara suna sake naɗa koyil, kuma ga manyan sifikun biki da na masallaci aikin yana biyan buƙata. Amma a ƙaramar sifikar ɗaki, naɗin hannu yakan sauya nauyin koyil da om ɗinsa, sai ta daina tafiya daidai da 'yar uwarta. Haka nan in aka dasa mata baƙuwar wufa don kawai girman ya yi daidai: an auna akwatin da allon cikinsa ne a kan bakin asali. Abin da za ka samu sifika ce mai ƙara, amma ba wadda ka biya kuɗi dominta ba.

Lissafin aljihu

Haɗa kuɗin saye, da na zobe biyu, da ladan mai gyara, da kuɗin motar zuwa da dawowa. In jimlar ta haura kashi biyu cikin uku na kuɗin lafiyayyun irinsu, bar su, don kana ɗaukar kasada ba tare da riba ba. In ta gaza haka kuma sun ci gwajin nan huɗu, ɗauka. Sayen na gari mai da kuɗi gida ne. Ka nemi mai kayan ya yarda ku je wurin mai gyara tare kafin biya, ko ku yi sharaɗin mayarwa a gaban shaida. In kuwa tsofaffin sun fāɗi, wannan bai wajabta maka sababbin ba. Yi musu gwajin kunne su ma, in ba su gamsar da kai ba ka dakata, kaya ba sa ƙarewa a kasuwa.

In ka kai su gida

Ɗora su daidai tsayin kunnenka in kana zaune, tazarar da ke tsakaninsu ta yi kusan daidai da nisanka da kowace. In ramin iska a baya yake, bar taƙi ɗaya ko biyu tsakaninsu da bango. Jar waya a ja, baƙa a baƙi a duka biyun. In ka juya guda, kaurin sauti zai zube. In za ka haɗa su da tsohon amfilifaya mai aiki da wutar gari, karanta bayansa tukuna: wutarmu bolt 220 ce, na Amurka 120 suke so, na Japan 100.

Ƙaramin amfilifaya da aka ƙure shi yakan kashe tuwita, musamman in batir ya yi sanyi. Da ka ji sauti ya fara tsagewa, rage nan take. Lokacin hunturu lulluɓe su da ƙyalle in ba a amfani da su, don maganaɗisu na jawo ƙura mai ƙarfe zuwa cikin ratar koyil. Da damina ɗaga su daga ƙasa, ka nisanta su da inda rufi ke yoyo. Ramin iskar kuma ɗaure masa 'yar raga mai shara-shara, wadda iska ke ratsawa, don kada zanzaro ya yi gini a ciki ko kyankyaso ya tare. In ka kiyaye waɗannan, sifikar da aka gyara da kyau za ta yi maka shekaru tana aiki. Allah Ya sa a dace, Malam.