Sunayen Kayan Teku a Bakin Hausawan Kalaba

Gabatarwa

Ni haifaffiyar unguwar Bogobiri ce, wato unguwar Hausawa da ke Kalaba, babban birnin jihar Kuros Riba. A hutun da ya wuce na tafi gida ta hanyar Ogoja da Ikom da Ugef. Daren da na sauka Inna ta yi mini miyar afan ta Efik, ta cika ta da kayan teku. Ina cikin ci sai na tambayi ƙanena sunan abubuwan da ke cikin kwanon da Hausa. Ko ƙaguwa bai sani ba, sai da Buroka ya ba ni amsa. Abin ya dame ni. Washegari na bi Inna kasuwar Wat da littafina, ina rubuta sunan da ta kira kowane abu. Da na zauna nazarin kalmomin, sai na ga sun kasu gida uku.

1. Kalmomin asali

Ƙasar Hausa ba ta da teku, amma tana da koguna da tafkuna, saboda haka akwai sunaye tun fil azal, kamar tarwaɗa da karfasa da ƙaguwa. Akwai kuma jatan lande, wanda ke cikin ƙamus, amma a gidanmu Kaka kaɗai na ji tana faɗinsa.

2. Faɗaɗa ma'ana da harɗawa

A nan, tsohuwar kalma ake ɗora wa sabon aiki. Akwai wata 'yar halitta mai tsinin ƙoƙo da ake tsinta cikin laka a bakin ruwa, ana zuƙe namanta idan an dafa. Inna ƙaramar katantanwa take ce mata. Wani lokaci kuma kalmomi biyu ake harɗawa, kamar kifin ƙanƙara da kifin gwangwani. Wannan ba sabuwar dabara ba ce, domin da ita magabata suka samar da giwan ruwa.

3. Aro

Idan babu kalmar da ta dace, sai a ara. Misali, bonga, kifin da ake ƙyafewa, da sunansa ya shigo. Haka ma kirefish, wanda ake dakawa a zuba a miya, daga Turanci aka aro shi. Sai dai Hausa ba ta yarda baƙaƙe biyu su haɗu a farkon kalma ba, shi ya sa aka cusa wasalin i tsakanin k da r, kamar yadda aka yi wa burodi da direba.

Kammalawa

Da na karanta wa Kaka jerin, sai ta yi dariya ta ce, "Ke 'yar nan, har da ƙwarin ruwa ake karantawa a jami'ar taku?" Na ce mata, "Kaka, in ba a rubuta ba, wa zai gaya wa jikokinki jatan lande?"

Ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, musamman waɗanda suka fito daga Legas da Fatakwal da Warri, duk wanda ya je hutu ya tafi da littafi da biro. Ya zauna kusa da murhu ya saurari iyaye mata, domin kalmomin da muke nema a laburare, da yawa suna bakinsu. Allah Ya sa mu dace.