Yadda Ake Fentin Mahaɗar Ƙarfe Mai Noti a Jidda Ba Tare da Ta Zame Ba

Duk alhajin da ya taɓa sauka a Jidda ya ga dogayen ginshiƙan ƙarfen da ke riƙe da rumfunan tashar alhazai, wadda aka buɗe a 1981. Tsayinsu mita 45, kuma tun lokacin suke shan iskar Bahar Maliya mai gishiri da laima. A irin wannan gari ƙarfen da aka bari tsirara ba ya jimawa tsatsa ta kama shi. Sai dai akwai wurin da fenti kan zama haɗari: fuskokin faranti biyu da aka matse da bol da noti domin kada su motsa ko kaɗan. A nan matsin ne ke ɗaukar nauyi. Ana ɗaure bol har kashi 70 cikin 100 na ƙarfinsa, fuskokin su cije juna. In ka shafa musu fenti mai kauri da santsi, a hankali zai lotse, bol ya saki, mahaɗa ta zame. Fentin wannan wuri yana cikin lissafin injiniya, shi ya sa yake da tsarinsa.

Mataki na farko, karanta zane, ka tambayi injiniya da wace ƙa'ida ya yi lissafi. Kada kunya ta hana ka, domin rashin sani ya fi dare duhu. Dokar gini ta Saudiyya mai lamba SBC 306 ta bi tafarkin Amurka, inda aji A ke nufin riƙo na 0.30, aji B kuma 0.50. A ƙa'idar Turai, EN 1090-2, abin a juye yake: A ne 0.50, B kuma 0.40. Ma'anar 0.50 ita ce kowane kilo 100 na matsi zai riƙe kilo 50 kafin faranti ya zame. Wanda ya ga harafin A kawai ya wuce, yana iya ba mahaɗa riƙon da bai kai na lissafi ba.

Na biyu, sayi fentin da ke da takardar gwajin zamewa. Wanda aka fi dogara da shi shi ne fentin zinki mai silikat. Takardar za ta nuna ajinsa, iyakar kauri, yawan tina, da tsawon lokacin bushewa kafin a haɗa. Gwajin Amurka yakan bar samfurin ƙarfe cikin nauyi har awa 1,000 don a ga ko fentin zai lotse.

Na uku shi ne shiri, kuma a nan aikin Jidda ke gyaruwa ko ya ɓaci. Goge ƙaiƙayin bakin ramuka da giranda. Wanke maiƙo, sannan ka wanke gishiri da ruwan daɗi, domin feshin yashi ba ya kawar da gishiri, cusa shi yake yi cikin ƙarfe. Bayan haka a yi feshi har matakin Sa 2½, ƙarfen ya fito toka-toka, da kaushi daidai yadda kamfanin fentin ya rubuta. Manna facin gwajin gishiri na Bresle ka auna. In ya haura abin da takardar aiki ta yarda, a sake wanki. Na san wannan yana cin lokaci, kuma foman zai matsa, amma gishirin da aka rufe tsakanin faranti biyu babu mai sake ganinsa sai ya yi ɓarna.

Na huɗu, kafin ka ɗaga bindigar fenti, duba yanayi. Zafin ƙarfe ya ɗara ma'aunin raɓa da digiri 3 aƙalla, laima kuma kada ta haura kashi 85. Da asuba a bakin teku sau da yawa za ka shafa ƙarfe ka ji danshi a tafin hannu, to jira rana ta ɗaga. Fesa a ranar da aka yi feshin yashi, shafi ɗaya siriri, tsakanin maikuron 50 zuwa 80 in takarda ba ta ce wani abu ba. In ya yi kauri zai tsattsage kamar lakar fadama a bazara. Ka riƙa motsa tukunya, domin garin zinki nauyi gare shi, yana kwanciya a ƙasa.

Na biyar, bar shi ya nuna. A nan laimar Jidda ta zama alheri, saboda irin wannan fenti da danshin iska yake taurara. Jiƙa farin ƙyalle da sinadarin MEK, ka goga gaba da baya sau 50. In ƙyallen ya kwaso fenti, da saura.

Sai rufi. Kafin a fesa wa sauran jikin ƙarfen ifokzi da fentin sama, manna tef ya rufe duk tsakanin ramuka, ya wuce bakin kowane rami da faɗin bol ɗaya, kada ya gaza milimita 25. A ajiye ƙarfen bisa katako, nesa da ƙasa.

Ranar haɗawa, cire tef, share ragowar danƙo da ƙura. Bol ɗin da ya kwana a fili ya yi tsatsa a ajiye shi gefe. Gwada uku daga kowane rukuni a na'urar auna matsi. Fara ɗaurewa daga tsakiyar mahaɗa zuwa gefe, faranti su kwanta da juna tukuna, sannan a ƙara zagayen da aka ƙayyade, tare da alamar alli a kan noti don mai dubawa ya gani. Bol mai lamba A490 ko mai rufin zinki da aka taɓa ɗaurewa sosai ba a maimaita shi.

Da mai dubawa ya sa hannu, wanke kawunan bol da noti, ka bi su da buroshi ɗaya bayan ɗaya, musamman zaren da ya leƙo da gefen washa. Toshe layin da faranti suka haɗu da abin liƙin da injiniya ya amince da shi, sannan ka ɗora ifokzi da fentin sama har kaurinsu ya kai na sauran ginin.