Yadda ake farfaɗo da tsofaffin katunan Yugi

Idan damina ta kankama a Gadarif, baƙar ƙasarmu takan zama taɓo mai ƙwace wa mutum takalmi, ba ƙwallo ba yawo. A irin wannan lokaci muka koyi wasan Yugi, muna zube kan tabarma cikin bukka a unguwar Daim Nur, kowa da tarin katinsa ɗaure da roba. Mu kalli zanen Yugi a tashar MBC3, mu fito mu kwaikwaya. Shekara bakwai na yi ina wasan. Bana ina neman wata takarda a akwatin Inna sai na ci karo da nawa cikin gwangwanin madara, gara ta ɗanɗana gefen wasu. Wanda ke da irinsu a ajiye, ga yadda zai yi da su.

Da farko a cire robar a yar, don zafi na narkar da ita ta ci bakin kati. A baza katunan a inuwa wuni guda. Ban ce a rana ba, ranar kakar riɗi sai ta lanƙwashe su kamar busasshen ganye. A goge da busasshen ƙyalle, kada ruwa ya taɓa su. Waɗanda suka manne da juna a riƙa tanƙwara su a hankali har su saki, fizga tana ɗaye hoton. Masu lanƙwasa a sa su cikin littafi, a danne da abu mai nauyi kwana uku.

Sai tantancewa, kuma a nan ake bukatar haƙuri, don labarin ba daɗi. Kamfanin Konami na Japan ne ya fara buga wasan a 1999, daga labarin da Kazuki Takahashi ya soma zanawa a 1996, kuma bai taɓa buga shi da Larabci ba. Ke nan duk katin da ka gani da rubutun Larabci jabu ne, a ware shi gefe. Na Turanci kuma a duba kusurwar dama ta ƙasa: na asali yana da ɗan tambari mai sheƙi, ruwan azurfa ko na zinariya, yawanci kuma da jerin lambobi takwas a kusurwar hagu. Faɗinsa milimita 59, tsawonsa 86. A ɗaga shi a haska da tocila ta baya. Idan haske ya ratsa sosai, takardar banza ce.

Ni cikin ɗari biyu da 'yan kai ban tsira da ko ɗaya ba. Har farin dodon nan mai shuɗin ido, wanda na ba da kati biyar da burodin ta'amiyya kafin a sakar mini shi. Ƙarfin harinsa na gaskiya 3,000 ne, nawa an rubuta 30,000. Shekara biyu ina cin yaran unguwa da kuskuren maɗaba'a. Don haka kada kowa ya sa ran kuɗi a gwangwaninsa. Jabun dai yana wasa, shi ya sa ban zubar ba.

Daga nan a haɗa tari biyu masu ƙarfi daidai, ba ɗaya mai cinye kowa ba. Doka ta yarda da kati 40 zuwa 60, amma a tsaya a 40, don katin da kake jira ya fi saurin zuwa hannu. Kada iri ɗaya ya wuce uku. Kusan rabi su zama dodanni, sauran a raba tsakanin korayen katuna na sihiri da masu ruwan hoda na tarko. Kowane ɗan wasa yana farawa da maki 8,000 da kati biyar a hannu, dodo ɗaya yake saukewa a zagaye, wanda ya fara kuma ba ya kai hari a zagayen farko. Abin da mu ba mu sani ba sam shi ne ƙirga taurarin da ke jikin katin dodo: dodo mai tauraro biyar ko shida sai ka ba da ɗaya daga naka da ke fili kafin ya sauka, mai bakwai zuwa sama sai biyu. Da mun san wannan da rabin faɗanmu bai faru ba.

Kafin a raba kati a yi sharaɗi: wanda ya ci wasa ba ya ɗaukar katin wanda aka ci. Mu mun yi haka, har ranar da Baba ya tarar da ƙanena yana kuka ya ce, “Wannan ai caca ce, me ya raba ta da karta?” Gaskiyarsa. Musanya kawai, da yardar kowa.

Ajiya ba wuya. Leda mai tsabta, gwangwani mai murfi, a jefa ɗan ƙunshin nan mai shan laima da ke zuwa cikin kwalin takalmi, a ɗora sama nesa da ƙasa da bango.

Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 garin nan ya cika da yaran Khartum da na Madani, da yawansu sun baro kayan wasansu a gida. A ɗauki tari biyun nan, a nemi biyu daga cikin yaran a zaunar da su a koya musu, sannan a bar musu gwangwanin.