Wace Ƙuri'a ce Take Gina Aji?

Duk lokacin da zaɓe ya gabato a Nijeriya, hankalin jama'a kan koma kacokan kan kujerar shugaban ƙasa. A kanta ake kai ruwa rana a majalisar ƙofar gida, da teburin mai shayi, da gidajen rediyo. Kafin ranar zaɓen gwamna da 'yan majalisar jiha ta zo, 'yan makonni bayan nan, gwiwar mutane da yawa ta riga ta yi sanyi. Ciyaman da kansila kuwa, wasu sai dai su ji an rantsar. In dai maganar makarantar firamaren unguwa ake yi, wannan lissafi a baibai yake, domin kujerun da ake rainawa su ne ke riƙe da makarantar.

Ga yadda abin yake. Tsarin mulkin 1999 ya ɗora nauyin ilimin firamare a wuyan jihohi da ƙananan hukumomi. A shekarar ce Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na UBE a Sakkwato, kuma a 2004 aka kafa dokarsa, wadda ta ce kowane yaro ya sami karatun shekara 9 kyauta kuma dole: 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare. Dokar ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga hukumar UBEC domin tallafa wa jihohi. Amma akwai sharaɗi, kuma a nan gizo yake saƙa: babban kason tallafin ba ya fita sai jiha ta ajiye nata kuɗin daidai da abin da za a ba ta. Ta kawo naira ɗaya, a ƙara mata ɗaya. In ba ta kawo ba, kuɗin ya ci gaba da kwanciya a asusu a Abuja. Shekara da shekaru hukumar UBEC tana kukan cewa biliyoyin naira na jibge, jihohi ba su zo sun ɗauka ba, alhali ƙididdigar UNICEF ta daɗe tana nuna yara fiye da miliyan 10 ba sa zuwa makaranta a ƙasar, mafi yawansu a Arewa.

To, ya kai mai karatu, in ka leƙa makarantar garinku ka tarar iska ta yaye kwanon aji tun damina biyu da suka wuce, yara na zaune a kan tsagaggen siminti, allo ya koɗe har alli ba ya kamawa, kada ka fara da tambayar wanda ke fadar shugaban ƙasa. Gwamna ne ke yanke shawarar a biya kason jiha ko kada a biya. Majalisar jiha ce ke amincewa da kasafin da kason yake ciki, ita ce kuma ke da ikon kiran shugaban SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, ya yi bayanin inda kuɗin ya shiga. Albashin malaman firamare kuwa daga kason ƙananan hukumomi ake cire shi. Duk waɗannan kujeru da ƙuri'arka ake hawansu.

Wani zai ce ai ƙuri'a ba ta da tasiri, wanda aka so shi za a sanar. Ba za a musa cewa ana maguɗi ba, musamman a zaɓen ƙananan hukumomi, inda hukumar zaɓen jiha ce ke shiryawa, kuma sau da yawa jam'iyyar gwamna ke lashe kujeru kaf. Amma a duba lissafi. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023, mutum fiye da miliyan 93 ne suka yi rajista, waɗanda suka fito kuwa ba su kai kashi 30 cikin 100 ba. Mai aringizo ba abin da yake so kamar rumfar da babu kowa, domin sunayen da ba su fito ba su ne jarinsa. Kuma ba a manta ba, a 2023 ɗin ce masu zaɓe a Zamfara suka kayar da gwamna mai ci, a Kano da Sakkwato kuma mulki ya bar hannun jam'iyyar da ke riƙe da shi.

Wani kuma zai ce talauci ne: mai yunwa in an miƙo masa taliya da sabulu da 'yan kuɗi a bakin rumfa, da wane ƙarfi zai mayar? Wannan uzuri yana da nauyi, kuma mai ƙoshi bai kamata ya yi masa izgili ba. Sai dai a auna abin da aka karɓa da abin da za a biya. Taliyar kwana biyu ce. Uban da makarantar gwamnati ta lalace a gabansa, shi ne zai riƙa neman kuɗin makarantar kuɗi kowane zango har shekara huɗu, ko kuwa ya bar yaron a gida. Ga shi kuma ya rufe bakinsa da kansa, tun da kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Akwai ƙorafi na uku, wanda ya fi sauran ƙarfi: cewa gini ba shi ne ilimi ba. Gaskiya ne. Yawancin kuɗin haɗin gwiwar nan a gine-gine da kujeru yake tafiya, kuma 'yan siyasa na son gini saboda ana fentinsa a rubuta shekara a bango, a ɗauki hoto. Malami ba ya ɗaukuwa a hoto haka. A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawar 'yan aji huɗu, ta ce fiye da 21,000 ba su kai makin da ta gindaya ba. An yi ta jayayya a kan adalcin jarrabawar da korar da ta biyo baya, amma tambayar da ta rage ita ce wa ya ɗauke su aiki tun farko. Guraben koyarwa sun daɗe ana raba su a matsayin ladan wahalar kamfe, kuma masu rabon zaɓaɓɓu ne. Ashe ƙorafin bai kuɓutar da mai ƙuri'a ba, ƙara masa aiki ya yi.

Don haka in ɗan takara ya zo neman goyon baya, a bar shi ya gama alkawarin "ilimi kyauta", wanda dokar 2004 ta riga ta bayar, sannan a tambaye shi: jiharmu ta biya kasonta na UBEC na bana da na bara? Malamai nawa aka ɗauka, kuma ta wace hanya aka tantance su? Yaushe aka biya su albashin watan jiya? Hedimasta da kwamitin SBMC mai kula da makarantar unguwa sun san amsar ta ƙarshe, kuma wakilin mazaɓa da ya zauna shekara huɗu a majalisar jiha ba shi da hujjar kasa amsa biyun farko.