Ɓawon da Ba Ya Nitsewa

Masuntan Maradun, Talata Mafara da Bakura, masu kamun kifi a madatsar ruwa ta Bakolori wadda aka kammala a 1978, sun san cewa iskar da ke cikin gora ce take hana ta nitsewa. Haka ma kok yake, wanda maƙeran sandar fatsa a Turai suke yin mariƙinta da shi.

Shi kok ɓawon wata bishiya ne, wadda ta fi yawa a ƙasar Fotugal. Akan yanka shi zobe-zobe, a manne da gam, a ɗora kan injin juyi, a goge da samfefa har ya dace da tafin hannu. Nauyinsa bai wuce rubu'in na ruwa ba, domin matattun ƙwayoyin halittarsa cike suke da iska, kuma bangonsu na da wani kaki mai suna subarin da ke hana ruwa shiga. A jikin kok ne Robert Hooke ya fara ganin ƙwayoyin halitta, ya bayyana su a 1665. Ɗalibi zai ga irin waɗannan ɗakuna in ya fere totuwar karan dawa siriri, ya duba a madubin ƙara girma.

Ana ɓare kok duk shekara 9, bishiyar ta sake tofo wani, saboda ba a taɓa ɓawon ciki mai kai abinci zuwa saiwa. Amma mai sassaƙen maɗaci, in ya zagaye gindin har ya tarar da itace, ya yanke wannan hanya, sannu a hankali bishiyar ta bushe.