A Kan Dokar Hana Samari Yawon Dare

Ya kai mai karatu, ka sani a ƙasar Amurka akwai garuruwa da yawa inda hukuma ta hana yara fita da dare. A shekara ta 1991 birnin Dalas, cikin jihar Teksas, ya kafa irin wannan doka: wanda bai cika shekara 17 ba, kada a gan shi a titi bayan ƙarfe 11 na dare, ko ƙarfe 12 a daren Jumma'a da Asabar, sai fa idan yana tare da iyayensa, ko aiki ya fitar da shi, ko wata lalura. Waɗansu iyaye suka kai ƙara. A 1993 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da dokar, gama ta bar hanya ga mai hujja. Amma a 1997 wata kotu ta rushe ta birnin San Diyego, domin maganarta ba ta fito sarai ba, ta kuma tauye ikon iyaye bisa 'ya'yansu.

Masu son dokar suna cewa dare rigar mugu ne, yaron da ke ɗaka kuwa ba ya cuta, ba a cutarsa. Maganar tana da daɗin ji. Amma a 2016 masana suka tattara binciken da aka yi, ba su ga laifi ya ragu ba. Dalili ɗaya ke nan: a ranakun makaranta, faɗa da ta'adin yara sun fi yawa da la'asar, bayan an tashi, sa'ad da iyaye ba su komo daga aiki ba. An tsare ƙofa da dare, ɓarawo kuwa da rana ya shigo.

Ka lura kuma da wanda nauyin ya faɗa wa. A da, sa'ad da dokar take aiki, tarar Dalas takan kai dala 500. Mai arziki ya biya, ya manta. Talaka fa? Akwai kuma yaron da ya fito titi domin gidansu babu salama. Ɗan sanda ya mayar da shi wurin abin da ya guje wa.

Inda dokar ta ke, ya wajaba a kiyaye ta, gama Manzo Bulus ya koya mana biyayya ga mahukunta cikin Romawa sura 13. Wannan bai hana a nemi gyaranta ta hanyar da ta dace ba. Haka aka yi a Teksas: birnin Ostin ya soke tasa a 2017, a 2023 kuwa majalisar jihar ta hana garuruwanta duka kafa irin wannan doka, har da Dalas.